Sai na yi horo kafin in jagoranci yaran sikawut a Amurka?

Ɗan uwa, kace ɗanka ya shiga sikawut a can Amurka, sun nemi ka taimaka a matsayin ɗan sa kai, kana tambaya ko dole sai kayi horo. Eh wallahi dole ne, ko da kuwa ba sisi za a biya ka ba.

Da farko za ka cike fom su binciki tarihinka ko an taɓa kama ka da laifi, sannan kayi kwas ɗin kare yara a intanet, kuma ba sau ɗaya ba ne, sabunta shi ake yi. Babbar dokarsu ita ce babba ba ya keɓewa da yaron da ba nasa ba, ko a mota ko a tanti ko a waya, in za ka tura masa saƙo sai ka haɗa da iyayensa ko wani babban, duk fita kuma sai da manya biyu masu rajista da suka kai shekara 21.

Kar ka ɗauka zargin ka suke yi fa. A 2020 ƙungiyar sikawut ɗin, wato Boy Scouts of America, ta shigar da takardar karayar arziki kotu, mutum sama da 80,000 suka kawo ƙorafin an ci zarafinsu suna yara. Ni dai ban ga laifin wannan tsaurin ba sam.