Me Ya Sa Hadari Ya Fi Kayar Da Ƙananan Jiragen Sama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na lura duk lokacin da aka ce hadari ya kayar da jirgin sama, galibi ƙarami ne na masu zaman kansu, alhali manyan jiragen fasinja suna ta zirga-zirgarsu ko da tsakiyar damina. Shin ƙanƙantar ce kaɗai sanadi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙanƙanta tana da nata laifin, domin babban jirgi yakan haura sama da ƙafa 30,000, ga matuƙa biyu, ga na'urar da ke hango hadari tun daga nesa, shi kuwa ƙarami ƙasa-ƙasa yake bi, inda ruwa da iska suka fi tsanani. Amma a ganina, babban laifin na mutum ne, wato matuƙin da ya tashi a yanayin da ya fi ƙarfin horonsa.

Da zarar jirgi ya kutsa cikin gajimare, matuƙi ba ya ganin ƙasa balle sama, sai fari fat ko baƙi ƙirin a gilashinsa. A nan ne sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yake yaudararsa, ya riƙa jin jirgin a miƙe yake, alhali ya karkata yana gangarawa. Wanda aka horar da tuƙi da na'urori zai ƙaryata jikinsa ya gaskata alluran da ke gabansa. Wanda ba a horar ba kuwa, da wuya ya iya hakan.

Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna Emiliano Sala ɗan ƙasar Ajantina. A daren 21 ga Janairun 2019 ya tashi daga Nantes ta Faransa zuwa Cardiff ta Birtaniya a ƙaramin jirgi ƙirar Piper Malibu mai inji ɗaya, jirgin ya faɗa teku kusa da tsibirin Guernsey. Rahoton masu binciken Birtaniya na 2020 ya ce jirgin ya kuɓuce wa matuƙin ne yayin da yake juya shi, da alama don kauce wa mummunan yanayi, kuma mai yiwuwa iskar guba daga salansar injin ta riga ta taɓa matuƙin. Abin takaicin shi ne, matuƙin ba shi da izinin tashi da dare, ba shi kuma da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi. A 2021 kotu ta ɗaure wanda ya shirya tafiyar wata 18. An ciro gawar Sala daga ƙarƙashin teku, amma ta matuƙin ba a same ta ba.