Cire ihun nan ka bar numfashinta

Jiya muna tsakar aiki ka ce, "Oga, me ya sa ka hana ni ƙara ihun matar nan a fitowar aljani, alhali duk fim ɗin ban tsoro mace ce ke kwarma ihu?" Ja kujera ka ji.

Ka nemi A Quiet Place, fim ɗin Amurka na 2018 da John Krasinski ya ba da umarni. Dodannin ciki makafi ne, da kunne suke farauta, shi ya sa iyalin ke tafiya ba takalmi a kan yashin da suka zuba, suna magana da hannu. Ka kai wurin da uwar, Emily Blunt, ta taka ƙusa a matakala ga naƙuda ta taso mata. Ta lallaɓa ta shiga bahon wanka, dodo na yawo a gidan, ta danne ihun nan har sai da ɗanta ya kunna tartsatsin wuta a waje, sannan ta sake shi. Mai kallo ya daɗe yana jiran wannan ihun, shi ya sa da ya zo ya ratsa jiki. Naka kuwa tun kafin aljanin ya leƙo ka gama kashe kasuwarsa.

Abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai haɗa sauti, shi ne yarinyar. Millicent Simmonds da ta fito a matsayin 'yar gidan kurma ce da gaske, kuma a wasu wuraren idan kyamara ta koma gare ta sai a ɗauke sautin kusan gaba ɗaya, mu ji duniya yadda take jin ta. Aikin sautin nan har takarar Oscar ya shiga.

Kada ka ɗauka ba shi da aibi. Wani wurin kiɗan yakan buga da ƙarfi don a razana ka, dabarar da ko ɗan koyo ya iya. Kuma tunda a bakin ruwa mai zubowa ana iya magana ba fargaba, me ya hana su tare can? Rabon aikin gidan ma tsohon yayi ne: uwa na wanki da girki, uba na fita nema. Yarinyar ta so ta bi shi kamun kifi, ya ƙi, ya ja ƙanenta da ke rawar jiki don tsoro. Amma da uban ya mutu, ita ce ta gano cewa ƙarar na'urar kunnenta na gigita dodon, uwar kuma ta ɗaga bindiga ta harbe shi.

Saboda haka gobe ka zo da wuri. Ka cire ihun, ka sauke kiɗan, ka bar min numfashin matar da ƙarar ƙyauren kawai, mu kashe fitila mu saurara tare.