Tanti, zan je Kwatano sari amma ba na son sauka gidan taubashiyar mijina

Assalamu alaikum Tanti, ina wuni, ya gida ya yara. Dan Allah ki ɓoye sunana dan 'yan unguwarmu da yawa suna karanta shafin nan. Ni matar aure ce a nan Damagaram, Garin Malam, yarana uku, ina saida atamfa da leshi da 'yan kayan bosho na yara a cikin gida shekara shida kenan. Duk tsawon lokacin nan sautu nake badawa, akwai wata Hajiya da ke zuwa Kwatano ta ƙasar Benin duk bayan wata biyu sai in ba ta kuɗi ta saro min, to wlh abun ya ishe ni, in ce mata shuɗi ta kawo min ruwan toka, kuma farashin da take faɗa min Allah kaɗai ya sani, ba wai ina zarginta ba ne amma kin gane ai. Na ɗauki adashi jikka 700 ta sefa na ce wannan karon da ƙafata zan je in gani da idona kafin azumi.

Maigida da farko ya ƙi, sai da na haɗa shi da yayarsa sannan ya yarda, amma da sharaɗin sai dai in sauka gidan 'yar gwaggonsa da ke aure a Zangon Kwatano, mijinta harkar motoci yake. Tanti ita ce fa wadda dangi suka so ya aura kafin ni. Bara da ta zo bikin ƙanwarsa, a gaban mata ta kalli tuwon da na tuƙa ta ce wai har yau amaryarsu ba ta koyi talge ba, aka yi ta shewa wai wasan taubasai ne, ni dai ban ga wasa ba, tun ranar ko gaisuwar WhatsApp ba ma yi.

Shi ne na shiga Facebook neman masauki da kaina, na haɗu da wani mutum yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ya turo min hoton ɗaki da kilim da firji da farin labule, ta taga ana hango teku, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba sai na ji duk hankalina ya koma can. Ya ce jikka biyar ne a kwana, in tura abans jikka 25 ya riƙe min. Na tura, maigida bai sani ba. Yanzu kuma ya dawo wai mai gidan ya ce sai an ƙara jikka 30 in ba haka ba za a ba wani. Na ce ya kira ni bidiyo yana cikin ɗakin sai ya ce rezo ba kyau. Niyyata dama in ce ma maigida gidan 'yar'uwarsa na sauka, in je in gaishe ta kawai in koma ɗakina. In ƙara kuɗin ne ko ya zan yi? Wlh kwana biyu ko barci ba na yi.

Wata ƙanwarki daga Garin Malam

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki ƙara masa ko dala. Jikka 25 ɗin nan ki yi mata Innalillahi, in kina so ki gane da kanki ce masa ya maido miki kin fasa, za ki ga daga yau lambar ta daina shiga. Wanda ke da rezon karɓar kuɗi amma ba shi da rezon nuna ɗaki na minti ɗaya ai ya riga ya faɗa miki ko shi waye. Kuma ɗaki mai kilim yana kallon teku a jikka biyar? Haba ƙanwata. Unguwannin da ke bakin ruwa irin su Fijirose nan ne masu kuɗi da Turawa ke zuwa shan iska, kuma ma sun yi nesa da inda za ki yi sarinki. Hoton nan ƙila ma ba na Kwatano ba ne.

Amma ni ba kuɗin ne ya fi tada min hankali ba, wannan dabarar taki ta in je in gaishe ta in koma ɗakina. Kin san Zango kuwa? Ba a shiga a fita ba a sani ba. Kafin ki kwance ɗaurin kayanki labari ya iso Damagaram cewa matar wane tana Kwatano kuma ba gidan 'yar'uwarsa take kwana ba, kuma wa kike ganin za ta fara bugo wayar? Ita ɗin da kike gudu. Daga maganar talge sai ki koma amsa tambayar ina kika kwana, wannan kuwa ba tambayar da mace ke fita daga cikinta da sauƙi ba ce ko da a masallaci ta kwana. Ki zaunar da maigidanki yau ki faɗa masa zancen jikka 25, zai yi faɗa ya gama, ya fi ya ji a bakin wani.

Bari in faɗa miki yadda za ki isa garin sai ki gane me ya sa nake matsa miki. Daga nan zuwa can ya haura kilomita 1,500: Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ki gangara Gaya, ki ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil, sannan Kandi, Paraku, Bohikon, kafin ki ji iska ta canza ta yi nauyi jikinki ya fara danƙo. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka toshe gadar Gaya, mutane suka koma ƙetarewa da kwale-kwale su shiga wata motar a can ƙetare, dan haka satin da za ki tashi ki je tasha da kanki ki tambayi direbobi da waɗanda suka dawo jiya-jiya halin da iyaka ke ciki. Ki riƙe katin ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara a jikinki, ba cikin jakar da za a ɗaure saman mota ba. Sefa ɗaya muke kashewa da su, wannan kam kin huta da 'yan canji. To bayan duk wannan wahala mota ta sauke ki ƙarfe biyun dare, ƙafa a kumbure, jikka 700 a ƙugu, ba ki jin yarensu na Fon, Faransancinki na asibiti ne. Wa zai tarbe ki? Mai rezo ba kyau?

Mutanenmu tun zamanin fataucin goro ba ɗaki suke nema ba in sun je kurmi, mai masauki suke nema. Shi zai ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillalin kirki, in rigima ta tashi a kasuwa shi zai tsaya. Matar nan ta san wace rumfa ce ke saida atamfa ta gaske wace ce ke liƙa tambari a ta roba, ta san ranar da ake kwance dilar bosho, ta san lungunan kasuwannin garin da in kika shiga ke kaɗai sai ki wuni kina zagaya wuri ɗaya, ga shi gwamnatin can tana ta gina sabbin kasuwanni tana kwashe 'yan kasuwa, inda Hajiyarki ta saya bara ba lalle yana nan ba. Mijinta kuma mai harkar motoci ya san wa zai ɗauko miki kaya har gida. Da kuɗi ma ba za ki samu wannan a otel ba.

Maganar talge kam ta yi miki ba daidai ba, ba zan ce wasa ne ba, taubasai da yawa da wasan suke fake su faɗi abin da ke ransu. Amma ke aka aura shekara da shekaru, me ya rage? Ki kira ta da murya ba saƙo ba, ki ce Yaya ga ni nan tafe sai kin yi haƙuri da baƙuwa. Ki ɗauro mata kilishi da dabino da cuku da garin kuka da daddawa, 'yan Damagaram da ke zaune can wlh ƙamshin daddawar gida kaɗai yana saukar musu da fushin shekara. In kin je ki shiga madafa, ki sayi cefane rana ɗaya ba tare da an ce miki ba, ki sa wa yaranta wani abu a hannu, kuma ki faɗi ranar tafiyarki tun ranar zuwa, kwana huɗu ko biyar ya isa sari. In ta jefa magana ki yi dariya ki wuce, ba zama kika zo ba.

In kuwa zaman ya gagara da gaske, mijinta ko wani dattijo daga babban masallacin Zango ya raka ki ƙaramin otel nan kusa, da sanin maigidanki. Ki shiga ɗakin da ƙafarki, ki buɗe famfo, ki kunna fanka, ki gwada sakata ta ciki, ki duba ko akwai gidan sauro dan sauron can ba ya jiran damina, ki biya na kwana ɗaya ki karɓi rasi. In kika ga ana ba da ɗaki na awa-awa, musamman wajajen Jonke, ki ɗauki jakarki.

Kuɗin kar ki ɗauke su duka a jiki, ki tambaya a ajans ɗin aika kuɗi na nan ko suna da reshe a can ki tura wa kanki, ki riƙa cira kaɗan-kaɗan. 'Yan kabu-kabunsu zemijan ake ce musu, masu rawayar riga, ki yi ciniki kafin ki hau kuma ki sa hular kwano dan har fasinja ake kamawa. Tekun kuma ki je ki gani, kyauta ne, da la'asar ki ja ita Yayar taki ku tafi ki ɗauko wa yara hoto, amma ki tsaya can bisa rairayi kar ki ce za ki tsoma ƙafa, igiyar ruwan wajen tana janye ƙato ma balle 'yar Garin Malam. In kin dawo ki rubuto min, ina son jin nawa suke saida turmin da Hajiya ke kawo miki.