Canja giyar aksil na baya a tsohuwar mota: yana rage shan mai?

Ka tambaya ko sauya giyar aksil na baya daga 4.11 zuwa 3.08 zai rage wa tsohuwar motarka shan mai, ya kuma ƙara wa injin kwana. Zai yi, in dai yawancin tafiyarka a buɗaɗɗen titi ce.

Lambar nan tana nuna sau nawa furofela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa aksil na baya, ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. Injin da ke juyi 3,200 a minti zai sauko wajen 2,400 a gudu iri ɗaya. Ƙara za ta ragu, zafi da gogewar fistin ma haka.

Amma motar za ta yi nauyin tashi, kuloci zai sha wuya a cunkoso. Abin da na fi jiye maka tsoro shi ne hawan tudu a babbar giya kana danne totur, inji na kakkarwa. Wannan yana cin mital ɗin karanshaf, wato ƙarafan da babbar sandar cikin inji ke juyawa a kansu, fiye da gudu. Da ka ji ya fara nishi, sauko giya.

In injinka ƙarami ne, 3.55 zai fi masa. Ka kuma gyara agogon gudu, domin zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka.