Wane akwatin kwarara zan rataya wa tankin kifina na ruwan gishiri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi na kifin ado, na ruwan gishiri, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 45, yana cin kusan lita 270. Ina so in ƙara masa tankin ƙasa inda zan zuba kayan tace ruwa, amma ba a huda gilashin ba. Na ga akwatunan kwarara masu ratayawa na Eshopps da na CPR. Wanne ya fi? A Abuja nake, ana yawan ɗauke mana wuta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganarka ta ƙarshe ita ce ginshiƙin amsar. Duk akwatunan nan suna aiki lafiya ƙalau muddin ruwa na gudana. Inda ake gane na kirki shi ne lokacin da aka ɗauke wuta, aka maido ta kana wurin aiki.

Ka san yadda ake zuƙo fetur da tiyo daga tankin mota zuwa jarka? To haka akwatin yake aiki. Akwai ƙaramin akwati a cikin tanki mai haƙora a bakinsa, ruwan sama yana malala ciki. Akwai wani a waje, rataye a baya. Zuƙo ne ke tsallakar da ruwa ta kan bakin gilashi daga na ciki zuwa na waje, daga nan ya gangara tankin ƙasa, famfo ya sake turo shi sama. Idan iska ta taru ta katse zuƙon, famfo bai san an yi ba. Zai ci gaba da turo ruwa har tanki ya tumbatsa, ruwan gishiri ya bi kafet, ya bi soket.

Akwatunan kashi biyu ne. Na farko masu bututu lanƙwasasshe kamar harafin U, irin su Eshopps jerin PF da Lifereef. Bakunan bututun biyu suna nutse cikin ruwa, akwatin waje kuma yana da shinge da ke riƙe ruwa ko da komai ya tsaya. Don haka idan wuta ta tafi bututun yana nan cike, tana dawowa ya ci gaba da kansa. Ba ya buƙatar wani inji. Abin da ke share masa kumfar iska shi ne gudun ruwan kansa.

Na biyu irin na CPR, jerin CS. Maimakon bututu, hanya ce mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, da aka ƙera a jikin akwatin. Ya fi kyan gani, amma da yake hanyar tana da faɗi, ruwa yana tafiya a hankali, kumfa tana samun wurin zama a ƙololuwa. Shi ya sa aka yi masa ɗan hanci a sama inda ake jona ƙaramin famfo mai tsotse iska, galibi Aqua Lifter. Ka ga an ƙara abu guda da zai iya lalacewa: 'yar robar cikin famfon tana gajiya, siririn tiyon yana toshewa da gishiri ko gansakuka. Mutane da yawa sun yi shekaru da shi ba matsala, domin suna duba famfon a kai a kai, suna ajiye na canji. Amma a inda kayan gyara sai an yi odarsu daga waje, ga wuta tana zuwa tana tafiya sau da yawa a yini, ni mai bututun U zan ba ka shawara ka saya. In kuma na CPR ɗin ya kwanta maka, ka duba lantarkin famfon: kayan kasuwar Amurka na bolt 120 ne, namu 230.

Kuskuren da na fi gani shi ne sayen babba don a samu kwanciyar hankali. A nan girma illa ne. Tankin ƙasa yana buƙatar ruwan tanki ya ratsa shi sau 3 zuwa 5 a awa, wato naka tsakanin lita 800 da 1,350. PF-300 an yi shi ne don galan 300 a awa, kusan lita 1,100, ya dace da kai. PF-800 na galan 800 ne, kimanin lita 3,000. Idan ka saka shi kana tura masa lita 900 kacal, ruwa zai riƙa jan ƙafa a cikin bututu, kumfa ta taru kaɗan-kaɗan har ta yanke zuƙo. Kuma kada ka dogara da adadin da aka rubuta a kwalin famfo, domin hawa mita ɗaya da lanƙwasar bututu suna cinye wani kaso mai yawa. Ka auna da bokiti da agogo.

Sai lissafin da na fi so ka riƙe, domin ya fi zaɓin kamfani muhimmanci. Saman tankinka 120 sau 45 ne, kowane santimita ɗaya na tsayi yana ɗaukar lita 5.4. In ka bar santimita 2 tsakanin ruwa da baki, kana da sararin kusan lita 11. To ka raba tankin ƙasa da shinge yadda ɗakin da famfo yake ciki ba zai riƙe fiye da lita 8 ko 9 a saman bakin famfon ba. Ko zuƙo ya yanke, famfo zai ƙare ruwan ɗakinsa kafin tanki ya zube. Gara ka yi asarar famfo da ka yi asarar falo da kifi. Makunni mai yawo a saman ruwa, irin wanda ake sa wa tankin ruwan gida amma ƙarami, zai iya kashe famfon ma kafin ya ƙone. In kana da na'urar ƙara ruwa da kanta, ka tuna ita ma za ta yi ta cika ɗakin, ta rushe lissafin.

Ta ɗaya ɓangaren, idan wuta ta tafi ruwa yana komawa ƙasa ta bututun famfo. Ka huda ɗan rami a bututun daf da saman ruwa don iska ta katse shi, ka kuma bar wa tankin ƙasa sarari.

Dodon koɗi kan shiga bututu, soson tacewa kan toshe, haske kan haifar da gansakuka a cikin U ɗin, don haka ka rufe shi, ka wanke lokaci-lokaci. Kafin ka biya kuɗi ka auna kaurin bakin tankinka da ratar da ke tsakaninsa da bango.

Da tankin babu kowa a ciki, da huda shi zan ce ka yi, domin ruwan da ke bi ta rami ba ya dogara da zuƙo. Sharaɗi dai kada gilashin ya zama gasasshe irin na tagar mota, wanda ke rugujewa da zarar an taɓa shi da abin huji.

Ranar da ka haɗa, ka kashe soket ka kunna sau goma kana tsaye. Sannan ka ɗaga bututun U da gangan, famfo na aiki, hannunka a kan makunni, ka ga inda ruwa zai tsaya.