Ban taɓa aiki ba, me zan rubuta a LinkedIn?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a jami'a, ina karantar injiniyancin lantarki. An ba ni shawara in buɗe LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki a intanet, tun kafin in gama, amma ban taɓa aikin albashi ba. Me zan sa a ciki? Facebook ɗina kuma cike yake da tsofaffin rubuce-rubuce.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ai kana da abin rubutawa. Watannin da ka yi na SIWES, wato horon koyon aiki da ake tura ɗalibai kamfanoni, aiki ne, haka ma furojet ɗin da za ka yi a aji biyar. Inda ɗalibai suke kuskure shi ne su cika shafi da "mai ƙwazo, mai son koyo", alhali mai ɗaukar ma'aikata shaida yake nema.

Fara da layin da ke ƙarƙashin sunanka, wanda yake ɗaukar haruffa har 220, domin shi ake gani idan sunanka ya fito a bincike. Kada ka rubuta "ɗalibi" kawai. Faɗi fanninka da abin da hannunka ya iya, misali haɗa sola da aiki da AutoCAD (manhajar zanen injiniyoyi), kuma ka rubuta da Turanci, tunda da kalmomin Turanci ake binciken.

A sashen ƙwarewar aiki, kowane layi ya ɗauki aiki da adadi: fanel ɗin sola nawa kuka ɗora, inbata mai ƙarfin nawa, wace matsala aka samu, yaya kuka gyara ta. Littafin SIWES ɗinka yana da duk wannan. Haɗa da hoton aikin, amma ka nemi izinin wanda ya kula da kai tukuna, don wasu kamfanoni ba sa yarda a fitar da zanensu. Shi ɗin ma ka roƙe shi ya rubuta maka shaida a shafinka tun yanzu da bai manta ka ba. Bayan bautar ƙasa abin zai yi wuya.

Sai ka shiga shafin jami'arku a LinkedIn, ka duba sashen tsofaffin ɗalibai. Zaɓi biyar zuwa goma da ke fanninka, ka aika wa kowa gajeren saƙo mai tambaya ɗaya takamaimai. "Yallaɓai, a taimaka min da aiki" a saƙon farko yakan rufe ƙofa.

Gyara adireshin shafinka na LinkedIn ya koma sunanka, ka sa shi a saman CV, sannan ka tabbatar ranakun da ke wurare biyun sun yi daidai. Saɓani ko na wata ɗaya yana jawo shakka.

Batun Facebook mai sauƙi ne. A saitin sirri akwai zaɓin taƙaita tsofaffin rubuce-rubuce, wanda zai mayar da su na abokai kaɗai a lokaci guda. Sharhin da ka yi a shafukan wasu ba ya cikin wannan, sai ka bi kundin ayyukanka ka goge da hannu.

Da zarar ka nuna kana neman aiki, 'yan damfara za su fara turo saƙo. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko ka turo BVN kafin ganawa, toshe shi.