Lasifikar kunne mai om 250 a waya

Tambaya: Malam, ina haɗa waƙa a ɗakina a Tawa. Na sayi Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250, na jona a waya, sauti ya fito kamar raɗa. Jabu ce?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, ba jabu ba ce. Yawan om na nufin tana bukatar wuta mai ƙarfi, waya kuwa ba ta iya tura ta. Sai ka haɗa ta da na'urar ƙara sauti. Wannan samfurin akwai na 32, na 80 da na 250. Ni a Yamai na 80 nake sawa, har soson kunnen ya koɗe don zufa. In wayar ce dole, Sony MDR-7506 mai om 63 ta ishe ka.